Tabawa da Aron Idon Balbela

Dalilin da ya sa idon ɗan Adam yake da wayo a kan haƙori, amma ya zama wawa a kan sauran fararen abubuwa, tsohon labari ne. Tun da na ga kun wuni kuna washe wa juna baki kuna gardamar na wa ya fi fari, gara ku zauna ku ji inda abin ya samo asali.

Ku gwada da kanku ku gani. A ajiye muku ƙwarya biyu ta nono, ɗaya daga wannan saniya ɗaya daga waccan, ba wanda zai nuna bambancinsu. A shimfiɗa fararen yadi biyu a rana, sai dai mai sayarwa ya yi ta rantse muku cewa wannan ya fi wancan. Amma mutum biyu su yi murmushi a gabanku, kafin su rufe baki ido ya riga ya yanke hukunci, ko da bambancin bai kai silin gashi ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan haƙori ya fi saninta. Da can kuwa ba haka abin yake ba.

A zamanin da ake magana, fari ɗaya tak mutane suka sani. Auduga da nono da gajimare da gishiri da ƙashi da haƙori duk abu guda ne a idonsu. Ba wai fararen ba su bambanta ba, sun bambanta tun ran da Allah ya yi su, idon ne bai kai can ba. Saboda haka ba mai yi wa wani gorin haƙori, ba kuma mai ɓata lokacinsa yana goge baki da gawayi don a yaba.

A wannan zamani akwai wani ƙauye a bakin wani tafki mai faɗi da ake kira Tafkin Shuni, saboda duhun ruwansa. Ko rani ya kai rani ba ya ƙafewa, kuma kowa ya san akwai masu shi a ƙasa, mutanen ruwa, waɗanda ba sa shiga harkar kowa in ba a shiga tasu ba. A ƙauyen akwai wata mace mai suna Tabawa, wadda ba a yi mai kaɗi kamarta ba. Masaƙa daga ƙauyuka uku suke zuwa neman zarenta. Ku na yanzu ba ku san kaɗi ba, to ku sani mai kaɗi ba ta rabuwa da alli. Ƙashi ne ake ƙonawa a daka shi ya yi laushi, tana dangwala yatsa a ciki don kada mazari, wato ɗan sandan da ake murzawa a yi zare, ya riƙa suɓuce mata. Ran da alli ya ƙare, kaɗi ya tsaya.

Mijin Tabawa sunansa Nomau, manomi ne, dogo, baƙi, kuma Allah ya zuba masa dariya. Akuya ta yi atishawa sai ya yi dariya, tuwo ya yi ruwa sai ya yi dariya, har ran da rumbunsa ya zube sai da ya dara kafin ya fara kwasa. Ga shi da cin goro, kullum akwai ɓari a kuncinsa na hagu. Ita kuwa Tabawa ba ta da yawan fara'a, kuma ta kan ce mutumin da ba ya rufe baki wata rana ƙuda zai yi masa gida a ciki. Tana sonsa sosai, sai dai ba za ka ji daga bakinta ba. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Shekara talatin da uku suna tare, ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa tsayawa ta zuba masa ido ba. In za ta yi masa magana sai ta dubi ƙasa ta ce maigida. Ko kalmar noma ba ta faɗa don ta yi kusa da sunansa, sai ta ce aikin gona. Shi kuwa ya mai da abin tsokana, ya kan tambaye ta da gangan me mutane suke yi da damina, ta harari ƙasa ta ci gaba da kaɗinta.

Wata rana allin Tabawa ya kusa ƙarewa, sai ɗan kaɗan a gindin ƙoƙo, kuma an kwana biyu ba a yi yanka a ƙauyen ba. Ta je tafki ɗiban ruwa da hantsi, sai ta ga ƙasusuwa a jere a kan wani faffaɗan dutse, busassu, farare, an shirya su tsaf daga babba zuwa ƙarami. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa wace kura ce take jera ƙashi haka. Amma idon mai kaɗi alli kawai yake gani. Ta kwashe su a bakin zane, ta je gida ta ƙona, ta daka, ta zuba a kan ragowar tsohon allinta ta gauraya. Har tana yaba wa kanta da sa'a.

Kaɗin da ta yi da wannan alli bai taɓa yi mata daɗi haka ba. Mazari yana juyawa kamar ba zai tsaya ba, zare yana fita siriri ba ya tsinkewa. Sai dai da ta taɓa zaren ta ji shi da danshi. Ta shanya shi a rana, ya ƙi bushewa. Kashegari ta tarar da shi yana ɗiga, ɗis, ɗis, har ƙasan taskirarta ya jiƙe. Ba ta gaya wa kowa ba.

A rana ta uku Nomau ya je tafki wanke galma, bai dawo ba. Aka yi azahar, aka yi la'asar, tuwonsa ya huce a akushi. Tabawa ta yafa mayafi ta bi sawu. A bakin ruwa ta tarar da galmar a wanke, an jingine ta da dutsen nan, malafarsa kuma a kife kusa da ita. Sawun ƙafarsa ya shiga ruwa, babu wanda ya fito.

Tana tsaye a wurin, sai tafkin ya yi tsit. Kwaɗi suka yi shiru, iska ta tsaya. Ruwan da ke tsakiya ya taso a hankali ba tare da igiyar ruwa ko kumfa ba, ya tattaru ya zama wata tsohuwa, tana zaune a kan ruwan kamar mai zama a kan tabarma. Ana ganin hasken rana ta cikin jikinta. Ita ce Uwar Tafki, wadda kakannin ƙauyen suke ba da labarinta amma ba rayayyen da ya taɓa ganinta. Tabawa ta durƙusa ba tare da ta san ta durƙusa ba.

Uwar Tafki ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kakansu ne ya rasu, wanda ya shekara ɗari huɗu a jikin babban kifin nan giwan ruwa, kuma al'adarsu ce su shanya ƙashin babba kwana bakwai ya yi ban kwana da rana kafin su mai da shi ƙasa. A rana ta shida aka zo aka kwashe. Shi ya sa suka riƙe mijinta.

Tabawa ta ce, "Ranki ya daɗe, ban sani ba. Na ɗauka ƙashin saniya ne. Fari na gani, kuma fari ai fari ne."

"Haka kika ce?" in ji Uwar Tafki. "To, tun da ba ki iya bambanta namu da na dabba ba, gobe sai mu ga ko za ki iya bambanta naki da namu."

Ta shimfiɗa mata sharaɗi. Gobe da rana tsaka mutum arba'in za su fito daga ruwa, kowannensu Nomau. Ɗaya ne nata, sauran 'ya'yan ruwa ne. Ba za ta taɓa kowa ba, ba za ta yi magana ba, za ta nuna sau ɗaya. In ta dace ta tafi da mijinta, in ta kuskure ya zauna a ƙasa ya maye gurbin kakansu har abada. Tana gama faɗa ta narke, tafkin ya koma yadda yake, kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Tabawa ta koma gida da malafa a hannu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da ta rufe ido don ta tuno fuskar mijinta, sai ta ga ba ta da ita sosai. Ta san takunsa, ta san tarinsa, ta san dariyarsa ko daga bayan gari. Amma fuskar da ta shekara talatin da uku tana kawar da kai daga gare ta, ita ce gobe za a ce ta zaɓa cikin arba'in. Ta yi kuka mai yawa a ranar.

Da gari ya waye ta kasa zama a gida, ta koma bakin tafki ta zauna a gindin wani babban itacen gawo inda balbelu suke kwana. Sun fi dubu, sun rufe itacen ruf. Tana kallo sai ga wata ta dawo daga kiwo, ta kewaya sau ɗaya, ta ratsa tsakiyar taron ta sauka kusa da wata guda ta fara gyara mata gashin wuya. Tabawa ta yi ajiyar zuciya ta ce a fili, ita dai balbela ta huta, duk wadda ta sauka kusa da ita ɗaya ne.

Balbelar ta juyo. Tsohuwa ce, kuma da ganin yadda ta miƙe wuya ka san maganar ta ɓata mata rai.

"Ɗaya ne? Baiwar Allah, shekara tara ina tare da wannan, ban taɓa kuskure shi ba ko a cikin hazo. Farinsa daban, na ƙanensa daban. Ku ne dai Allah ya ba ku manyan idanu ba ku ganin komai da su."

Wanda ya ga Uwar Tafki jiya ba zai yi mamakin tsuntsu mai magana yau ba. Tabawa ta ba ta haƙuri, ta kwashe labarinta kaf ta gaya mata. Balbela ta saurara tana tsaye da ƙafa ɗaya. Da ta ji ƙarshe sai ta ce ta san mutanen ruwa, maƙwabtanta ne. Duk wanda ya sunkuya a kan tafki sun ɗauki kamanninsa, tsayinsa da baƙinsa da tabonsa, kuma duk motsin da ya yi za su yi shi a lokaci guda, yadda inuwa take yi a ruwa. Abu ɗaya ne ba su iya ba. Fari ɗaya gare su, farin ruwa, shi suke shafa wa komai. Ba su taɓa damuwa ba, don sun san mutane ba sa gani.

Sai balbelar ta waiwaya ta dubi nata mijin. Can ta ce za ta ara mata idonta, amma Tabawa ta san nauyin abin da za ta ɗauka. Muddin idon yana wurinta, ita balbela za ta zama kamar mutum, ba za ta gane nata a cikin taro ba. Da la'asar garken zai tashi zuwa wani tafki mai nisa. In ba a dawo mata da shi kafin nan ba, Tabawa ta sami miji ita ta rasa. Tabawa ta yi alkawari. Balbela ta sauko, ta ciro wani ɗan gashi mai laushi daga ƙarƙashin fatar idonta, ta ja shi a idon Tabawa na dama da na hagu, yadda ake sa kwalli.

Yara, abin da Tabawa ta gani da ta buɗe ido ba a iya faɗarsa duka. Itacen da ta ɗauka farin abu ɗaya ne ya lulluɓe shi, sai ta ga dubu ne, kuma ba biyu da suka yi daidai. Wata farinta da ɗumi, wata da sanyi, wata akwai ɗan ja-ja can ciki, wata kamar an tsoma ta a shuni an cire da sauri. Ta ɗaga kai, gajimare guda ɗaya ta ƙirga masa fari bakwai kafin ta gaji. Ta dubi farcenta, ta dubi kumfar bakin ruwa, ta dubi furen da ke kan tafki. Duk waɗannan suna nan tun tana yarinya, kullum tana wucewa ta gabansu. Tsoro ya kama ta, daɗi kuma ya kama ta, ta rasa wanda za ta bi. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, ashe haka Allah ya yi duniya, mu muna yawo a cikinta kamar baƙi.

A hanyar gida ta yi ta tuntuɓe don kallo. Garin gero a hannun mai daka daban, na dawa daban. Gishiri da kanwa da ta saba sai ta ɗanɗana take rabewa, yanzu ko daga nesa ba sa kama. Ta shiga ɗaki ta jawo taskira, kuma da ta leƙa ƙoƙon alli sai ta zauna daɓas. Tsohon allinta na ƙashin saniya yana nan, fari mai duhu-duhu. A cikinsa kuwa, ƙwaya-ƙwaya, ga wani fari mai zurfi yana sheƙi a hankali, irin wanda ba ta ga kamarsa ba ko a jikin balbelu. Sai yanzu ta gane abin da ta ƙona ta daka a turmi. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Ba wanda ya ce ta yi, kuma lokaci yana tafiya, amma ta shimfiɗa baƙin zane, ta juye allin, ta ɗauki tsinke ta fara rabewa. Tun hantsi take tsinta, wuyanta ya ƙage, idonta yana ruwa. Sai da inuwa ta kusa shigewa ƙarƙashin ƙafa ta gama. Ta zuba na kakan a sabon ƙoƙo, ta haɗa da zaren nan mai ɗiga, ta ruga tafki.

Ƙauyen duka ya hallara a bakin ruwa, har da yayyen Nomau da tsohuwar gwaggonsa da aka kawo a kan jaki. Uwar Tafki ta taso kamar jiya, mutane suka zube ƙasa. Tabawa ta shiga ruwa zuwa idon sawu, ta miƙa ƙoƙon da hannu biyu. Uwar Tafki ta daɗe tana duban cikinsa. Ta juya shi, ta sake dubawa, ba ta sami ko ƙwaya ɗaya ta ƙashin dabba ba. Ta gane an ara wa matar nan ido, amma ba ta ce an karya sharaɗi ba, don ba a karya ba. Ta ce tun da an dawo musu da kakansu da mutunci, za ta sassauta abu ɗaya. Tabawa tana iya faɗar kalma guda, ba biyu ba.

Daga nan ruwa ya buɗe, suka fito. Mutum arba'in a jere, ruwa iya ƙugu, kowanne Nomau ne tun daga tabon lauje da ke hannunsa har zuwa facin da ita da kanta ta yi wa baƙar taguwarsa. Mata suka fara salati. Tabawa ta duba, sai ta gane dabarar da aka yi mata. Uwar Tafki ba yarinya ba ce, ta san inda raunin 'ya'yanta yake. Duk arba'in ɗin idonsu a rufe, bakinsu a rufe. Nomau kuwa wanzami ya yi masa aski ƙwal kwana huɗu da suka wuce, babu furfura ko ɗaya a waje. Ga ta da idon da ya fi na kowa a duniya, ga shi babu fari ko ɗigo a gabanta.

Ta bi layin daga farko zuwa ƙarshe, ta dawo. A karo na farko a rayuwarta ta zuba wa fuskar mijinta ido, sau arba'in, kuma ta ga ashe kyakkyawa ne. Wannan bai taimake ta da komai ba. Rana tana dukan ƙeyarta, mutane sun yi tsit, kalma ɗaya ce a hannunta. In ta ce buɗe, mutanen ruwa sun ɗaure shi da asiri, ba zai iya bin umarni ba. In ta ce taho, haka. Tana bukatar abin da zai fito daga cikinsa ba da izininsa ba, abin da ko igiyar mutanen ruwa ba za ta riƙe ba. Ta san abin, don ta shekara talatin da uku tana fama da shi. Ta kuma san kalmar da za ta jawo shi.

Ta waiwaya ta ga gwaggonsa, ta ga yayyensa, ta ga dattawan gari. Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga kai, ta buɗe murya yadda har na bayan taro sai da suka ji.

"Nomau!"

Gwaggo ta dafe ƙirji. Na ɗan lokaci ba abin da ya motsa. Sai kafaɗun mutum arba'in suka fara rawa tare, kumatu arba'in suka kumbura, ana ta kokawa da dariya, har dai ta ƙwace. Baki arba'in suka buɗe da dariyar nan da duk ƙauyen ya sani, ta cika tafkin har balbelu suka tashi daga kan gawo.

Tabawa ta duba. Talatin da tara haƙoransu fari ne fat, iri ɗaya daga na gaba har na ciki, mai sanyi kamar ƙanƙarar da ke faɗowa da ruwan farko, babu abin da ya taɓa wucewa ta kansu. Na goma sha bakwai daga hagu kuwa bakinsa duniya ce guda. Na gaba farinsu irin na audugar da ta shekara a rumbu. Fiƙa ta ɗan fi su duhu. Na gefen hagu akwai inuwar goro a gindinsu, siririya, wadda idon mutum na wancan zamani ba zai taɓa gani ba. Ta ga tuwonta a wurin, ta ga kunun tsamiyar da take dama masa, ta ga shekarun da suka yi tare sun kwanta a kan haƙoran ɗaya bisa ɗaya. Ta ɗaga hannu ta nuna shi.

Talatin da taran suka zube suka koma ruwa. Nomau ya fito yana tangaɗi, yana tari, kuma bai daina dariya ba. Da ya iso gabanta ya ce, "Ashe kin san sunan." Ta dubi ƙasa ta ce masa ya wuce su tafi, mutane na kallo. Uwar Tafki ta rungume ƙoƙonta ta nutse, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ganinta.

To, ga inda abin ya shafe ku. Da suka isa gida, maƙwabta suka cika tsakar gida da barka, Tabawa kuwa kuka ya wanke mata kwalli, fuskarta duk ta yi zane. Mace mai kamun kai ba ta tarbar baƙi haka. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tandunta, ta zura tsinken kwalli, ta ja a ido na dama, ta mayar cikin tandu, ta ja a na hagu, ta sake mayarwa ta rufe. Ko kaɗan ba ta kawo komai a ranta ba. Tana fitowa ta ga inuwa ta miƙe, ta tuna alkawari, ta bar baƙin a tsaye ta zura da gudu.

Ta tarar garken ya fara tashi. Tsohuwar balbela tana ƙasa ita kaɗai, tana waige-waige, duk wanda ya gifta sai ta miƙa wuya ta janye. Tabawa ta durƙusa a gabanta tana haki. Balbela ta shafa mata fiffike a fuska sau ɗaya, ta ɗaga kai sama, nan take ta gano nata a cikin dubu, ta tashi ta bi shi ko sallama babu. Tabawa ba ta ga laifinta ba. Ta dubi garken yana nisa, ya koma fari ɗaya kamar da. Gajimare ma haka, furen tafki ma haka. Ta zauna a wurin ta yi kukan rashin abin da ta mallaka na wuni ɗaya kacal.

Kashegari da safe ta sa kwalli kamar kullum, ta kai wa Nomau kunu. Ya ɗago ya yi mata murmushi, sai ta kusa sakin ƙwaryar. Audugar nan da ta shekara tana nan, inuwar goro tana nan. Ta juya ta dubi audugar gaske a taskira, fari ɗaya. Ta dubi nono, fari ɗaya. Ashe ɗan abin da tsinke ya ɗebo daga idonta ya zauna a cikin tandu. Kaɗan ne ƙwarai, bai isa ya buɗe duniya duka ba, sai abin da idon ya kalla da dukan ransa a ranar, wato haƙori.

Kun san halin mata da aron kwalli. Maƙwabciya ta ara, ta ara wa ƙanwarta. Aka yi haihuwa a gidan sarkin noma, ungozoma ta aiko a ba ta tandun Tabawa ta sa wa jariri, don a lokacin namiji da mace duk ana sa musu. In kwallin ya yi ƙasa a ƙara sabo a kan tsoho, a ɗiba a zuba wa 'yar da za ta gidan miji a wani gari. Kafin shekara bakwai abin ya bi jini, yara suna zuwa duniya da shi ba sai an sa musu ba.

Da mutane suka fara gani, sai suka yi abin da mutane suka iya. Aka fara gori, aka fara gasa. Wannan ya nemo asuwaki, wancan ya daka gawayi, 'yan mata suna tsayawa a bakin rijiya suna leƙa bakin juna. Tsabta dai aba ce mai kyau, ba wanda ya hana ku asuwaki. Amma wasu so suke bakinsu ya koma irin na talatin da taran nan, sun manta cewa waɗancan ba su taɓa cin tuwon kowa ba.

Tabawa ba ta shiga gasar ba. Ita kunyar kallon miji ta bar ta tun daga ranar tafki, ta riƙa dubansa in yana dariya, tana ganin farin yana ƙara duhu kaɗan-kaɗan kowace shekara, ta san tsufa ne yake shigowa tun kafin ya nuna a gwiwarsa. Wani lokaci abin ya kan sa ta baƙin ciki, don ba daɗi ka riƙa ganin kwanakin wanda kake so suna tafiya. Duk da haka ba ta kawar da kai. Wata rana wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta raba shi da goro ta sa shi gugar gawayi, ko bakinsa ya yi fari kamar na sauran maza. Tabawa ba ta ko tsai da mazarinta ba.

Ta ce, "Bar mini shi haka. Da bakinsa fari ne fat, da tuni na gama takaba."

Shi ya sa har yau idonku yake wuce nono da auduga bai ce komai ba, amma da an yi murmushi sai ya farka ya fara awo. Shi ya sa kuma in kuka haɗu da wanda haƙoransa suka yi fari ɗaya sol, babu inuwa babu tabo, za ku yaba da baki, amma can cikin ranku wani abu zai ɗan ja da baya, kamar kun tsaya a bakin ruwa mai zurfi. Dariyar kakarku kuwa, da ɗan jan goronta, ko a tsakiyar kasuwa kuka hango ta kun san ta gida ce.